Kilim a gidan haya na bene: wanne ya dace da zafin Damagaram?

Wani ƙanena ne, sabon ango, ya turo tambaya. Yace ya kama haya a wani gidan bene irin mai sashe-sashe ɗin nan can wajen Sabon Gari, shi ne a hawan ƙarshe, ɗaki biyu da falo, kuma tun da watan uku ya kama amarya bata barcin kirki, fanka sai dai ta juya musu iska mai zafi kamar ta bakin tanda. Wani ya bashi shawara ya sayi kilim, wato injin sanyaya ɗaki, mai taya wanda ake turawa ɗaki zuwa ɗaki tunda gidan ba nashi bane, wani yace a'a mai ruwa ya fi sauƙi, shi kuma ranshi na kan siplit, mai injin ciki da injin waje, amma mai gida yace kar a kuskura a fasa mishi bango. Wai wanne zai saya, kuma wace marka ce mai kyau.

To ango, Allah ya sanya alheri ya bada zaman lahiya. Ni aikin sanyi nake yi a garin nan shekara da shekaru, firigo da kilim, kuma zan gaya maka gaskiya maganar marka ita ce ta ƙarshe da ya kamata ka yi. Kowa da ita yake farawa shi yasa ake ta asara. A gidan da kake zaune da mutane sama da ƙasa, abin da zai yanke maka hukunci shi ne ina za'a ɗora injin waje, wutar gidan zata ɗauka ko bazata ɗauka ba, sannan shi kanshi ɗakin wane irin zafi yake sha. In ka warware waɗannan, kusan kowace marka ta kirki zata yi maka aiki.

Bari in fara da inda kake, hawan ƙarshe. Wanda ke ƙasanka yana da kai a matsayin inuwa, kai kuma ba kowa a samanka sai rana. Dal ɗin siminti tun hantsi yake shan rana har la'asar, yana tara zafin a cikinshi kamar dutsen murhu, sai dare yayi ya fara sakinshi a hankali cikin ɗaki, shi yasa zakaga ƙarfe ɗaya na dare waje ya ɗan yi dama-dama amma in ka taɓa bango ko silin kamar an sauke tukunya. A watan huɗu da na biyar da rana muke haura digiri 40 kusan kullum, to saman dal ɗin ya fi haka nesa ba kusa ba. Tsofaffin gidajen ƙasa na cikin Birni masu katanga mai kauri da soro basu san wannan wahala kamar yadda muka santa ba, mu ne da muka koma bulo da siminti muka sayo ta da kuɗinmu. Don haka kafin ma ka shiga kasuwa, hau saman ka duba. In mai gida zai yarda a shafa wa dal ɗin farin fenti ko farar ƙasa, ko a kafa 'yar rumfa ta zana ko ta kwano da tazara tsakaninta da simintin iska na wucewa, wallahi bambancin da zaka ji ba kaɗan bane, kuma kilim ɗin da zaka saya zai huta. Tagar da ke kallon yamma a sa mata labule mai kauri, ƙasan ƙofa a toshe, ƴan ramukan iska da magina ke bari a saman bango suma a rufe su a ɗakin da za'a sa kilim. Mutane na raina wannan, su sayi injin mai tsada suna sanyaya unguwa.

Sai girman injin. A kasuwa doki ake cewa, doki ɗaya, ɗaya da rabi, doki biyu. Kar ka tsaya kan maganar doki don kowane ɗan kasuwa da irin dokinshi, ka duba takardar da ke manne a jikin injin ka nemi lambar BTU, wato ma'aunin ƙarfin sanyinshi. Doki ɗaya shi ne wajen 9000, ɗaya da rabi 12000, biyu 18000, na sama da shi 24000. Lissafin da nake yi wa mutane a nan shi ne kowane mita ɗaya na faɗin ƙasan ɗaki a bashi BTU 600 zuwa 700, in hawan ƙarshe ne ko bangon yamma a ɗauki na saman har a ɗan ƙara. Ɗakin kwana mai mita 4 da 4, mita 16 kenan, ka ninka da 700 ya baka 11200, kaga 12000 ne naka ba 9000 ba. Falo mai mita 4 da 6, mita 24, yana neman 18000. In mutum biyu ne a ɗaki lissafin ya tsaya haka, duk mutum ɗaya da ya ƙaru kuma a ƙara wajen 600, falon ango kuwa ai baya rabuwa da baƙi, ƙawayen amarya kaɗai sun isa. In kuma kicin a buɗe yake da falon babu ƙofa to wannan wani lissafin ne daban, gara a sa ƙofar.

Wanda ya sayi ƙarami don ya rage kuɗi, injin zai kwana yana gudu ba tsayawa, ɗakin bai yi sanyi ba, wuta ta tahi, kwamfireso, wato zuciyar injin mai matsa gas, ya gaji da wuri. Wanda ya sayi ƙato fiye da ɗakin shi ma ba riba, yana tashi yana mutuwa kowane ƴan mintoci, da damina kuma ɗaki yayi sanyi amma jiki na danƙo don bai samu lokacin tsane damshin iskar ba.

Yanzu mu zo kan mai ruwa, wanda ƴan boko ke cewa imidifikatar. Ni bana raina shi ko kaɗan, kuma duk mai aikin sanyin da yace maka shirme ne to siplit yake son sayar maka. Dabarar randa ce da tulu, ruwa na bin tabarmar da ke bayanshi, fanka na jawo busasshiyar iska ta cikinta, ruwan na tashi yana tahiya da zafin. Sharaɗinshi ɗaya, iska ta zama busasshiya, mu kuma a watan biyu, uku, huɗu iskarmu a bushe take ƙamas, leɓe ma tsagewa yake, to a lokacin mai ruwa sarki ne, ga wutar da yake ci bata wuce wat 100 zuwa 200 ba ga na ɗaki, ƙaramin sola da batir ma sun riƙe shi in an ɗauke kuran. Amma da zarar hadari ya fara haɗuwa ƙarshen watan biyar zuwa na shida, iska ta ɗauki ruwa, shikenan ƙarfinshi ya ƙare, sai dai ya ƙara maka gumi, katifa tayi sanyin damshi, kayan cikin akwati su fara wari. Kuma wannan zafin na gab da damina shi ne mafi cin rai, shi ke hana barci.

Abu biyu kuma da ba'a gaya wa mai saye. Na farko dole a bar taga ko ƙofa a ɗan buɗe, akasin kilim kenan, in ka kulle ɗaki damshin zai taru ya daina sanyi. Na biyu ruwa. Lita da yawa yake sha cikin awa ɗaya gwargwadon girmanshi, babba kam jarka guda bata kai shi safe, kai kuma a Damagaram kake inda ba sai na gaya maka darajar ruwa da bazara ba, ga shi a saman bene inda famfo baya hawa sai ya ga dama, ɗan garuwa kuma kowane hawa da kuɗinshi. Sannan a riƙa zubar da tsohon ruwan ana wanke tankin, in ba haka ba wari da sauro. To nawa ra'ayin, mai ruwa yayi kyau a falo da rana, amma ba shi zai raba ka da matsalar ɗakin kwana duk shekara ba.

Mai taya kuwa, hmm. A ido shi ne ya dace da ɗan haya, ba fasa bango, ranar tashi ka tura abinka cikin mota. Amma ka sani duk kilim zafi yake kwasa daga ciki ya zubar waje, shi wannan kwamfiresonshi da komai a cikin ɗakin suke tare da kai, sai wani ƙaton tiyo da dole a fitar ta taga. Tiyon kanshi zafi yake yi kamar bututun gurup yana maido maka da wani abu ciki, sannan iskar da yake turawa waje ai daga cikin ɗakin yake ɗibanta, wadda ka biya kuɗi ka sanyaya, ɗaki kuma baya zama ba iska, sai ta waje mai zafi ta riƙa shigowa ta ƙasan ƙofa da duk wata kafa ta maye gurbinta. Shi yasa wanda aka rubuta 12000 a jikinshi in ka kunna a zafin watan huɗu sai ka rantse ƙaramin siplit na 9000 ya fi shi. Ga ƙara a kunnenka duk dare. Akwai mai tiyo biyu wanda ya ɗan gyara wannan matsala amma ba kasafai ake ganinshi a kasuwarmu ba. Sai in mai gida ya kafe ƙememe babu wata hanya, sannan zan ce ka saye shi, kuma ka sa kafinta ya yanka maka katako daidai tagar da rami daidai tiyon, kar a toshe da tsumma.

Na taga, wancan mai kamar akwati na ofisoshin da, yana da ƙarko ba laifi kuma gyaranshi ba wuya, sai dai shi ne ma ke son babban rami a bango ko a cinye maka taga guda a yanke ƙarfen tsaro, mai gidan da ya hana ƙaramin rami ba zai yarda da wannan ba. Mu wuce.

Siplit dai shi ne maganin, kuma ina ganin mai gidanka bai fahimci abin bane, ko kuma wani ɗan haya ya taɓa yi mishi ɓarna. Ramin da ake buƙata guda ɗaya ne, faɗinshi santimita 6 zuwa 7, kamar bakin ƙaramin gwangwanin tumatir, in da injin huda aka yi ba da guduma da kurfi ba tsaf yake fita, ranar tashi siminti cikin cokalin magini ɗaya ya rufe shi. Ka je wajenshi da ladabi, kace Alhaji ga abin da za'ayi, ga mai aikin ma na zo da shi ya nuna maka wurin, in ya so ku rubuta a takarda da shaida cewa injin naka ne, ranar da zaka tashi zaka cire ka toshe ramin ka shafa fenti. Wasu masu gidan ma cewa suke a bar musu injin a cire kuɗin daga haya. Ko wanne kuka zaɓa a rubuta, don na sha ganin rigima ranar kwashe kaya, mai gida yace duk abin da aka kafa a bango ya zama na gida. Kuma cire siplit ba asarar gas bane in mai aikin ya san hannunshi, ana tara gas ɗin duka cikin injin waje a kulle bawul kafin a kwance tiyo, aikin minti kaɗan ne.

Inda za'a ajiye na waje, nan ne gidan bene ya bambanta da gidan kanka, nan kuma nafi ganin kuskure. Injin waje numfashi yake so, iska ta shiga ta baya ta fita ta gaba ba abin da ya tare ta. Sai kaga an cusa shi a ƴar baranda da aka rufe da gilas, ko a lungu tsakanin gini biyu inda injin maƙwabci ke hura mishi zafi a fuska, yana shaƙar abin da ya fitar, ƙarfe biyu na rana sai ya yanke, a kira mu ace gas ya ƙare. Ba gas bane, shaƙewa yayi. A nemi bangon arewa ko na gabas in da hali, a guji na yamma, in dole sai saman dal to a ɗaga shi daga simintin a yi mishi ƴar inuwa daga sama ba tare da an rufe gefe ba. A bar tazara tsakaninshi da bango, a sa roba ƙarƙashin ƙafafunshi don kar girgizar ta bi bango ta shiga ɗakin na ƙasa. Kar ya hura wa tagar wani. Sannan a sa shi inda mutum zai iya kai hannu ya wanke, na taɓa zuwa wani gida an rataye injin a hawa na biyu tsakiyar bango ba baranda ba taga kusa, ban san da wane tsani suka hau ba, shekara uku ba wanda ya taɓa shi, ƙura ta toshe bayanshi kamar an yaɓa laka.

Tsawon tiyo ma da magana, yawancin injuna gas ɗin da suka zo da shi na wajen mita 5 ne, in an wuce haka sai an ƙara gas gwargwadon abin da littafin injin ya faɗa, kuma duk nisa ƙarfi na ɗan raguwa.

Sai ruwan da yake ɗiga. Da bazara kaɗan ne, da damina kuwa bokiti yake cikawa. A wani gida da na yi aiki, wannan ruwan ne ya haɗa mata biyu faɗa har aka kai ga mai unguwa, na sama na ɗiga kan shanyar ta ƙasa, kullum kayan yara a jiƙe. Tiyo na ƴan dala ne ya raba rigimar. A ja shi har ƙasa ko a sa shi cikin jarka a baranda, ruwan yayi shara da ban ruwan shuka, amma ba na sha bane.

Yanzu abin da zaka duba a jikin kwali. Ka nemi inda aka rubuta T1 ko T3. T1 an yi shi ne don ƙasashen da zafinsu ke da sauƙi, ana gwada ƙarfinshi a digiri 35 kuma iyakarshi wajen 43. T3 shi ne na ƙasashe irin namu da na Larabawa, ana gwada shi a 46 kuma yana jurewa har wajen 52. Da yawa daga abin da ke shigowa kasuwa T1 ne don ya fi araha, da dare zai yi maka aiki lahiya lau, amma ranar da ake tsananin buƙatarshi, azahar ɗin watan biyar injin na cikin rana, ranar zai kasa. Kai da ke saman ƙarshe T3 zaka nema, wasu na rubuta tropikal a jiki, amma ka fi yarda da ƴar takardar bayanan injin da abin da aka buga da manyan harufa a kwali.

Inbata ko wanda ba inbata ba? Na da, kwamfiresonshi gudu ɗaya ya sani, ya tashi da ƙarfi ya mutu, ya sake tashi, kuma duk tashi yana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar na abin da yake ci in yana tahiya, shi ne zakaga ƙwan fitila ya lumshe. Inbata, wanda kamfanin Toshiba na Japan ya fara fitarwa na gida tun 1981, yana tashi a hankali, in ɗaki yayi sanyi sai ya rage gudu ya riƙe shi a haka. Ga mai kwana da kilim kullum ragin wutar a bayyane yake, kuma shi ne ƙaramin gurup ko sola ke iya tayarwa. Aibinshi ɗaya kuma bazan ɓoye maka ba, yana da kati na lantarki a ciki wanda baya son wasan wuta, ta yi ƙasa ta yi sama ko ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, in ya ƙone gyaranshi da tsada, wani lokaci sai an aika Kano ko Yamai neman irinshi. Har ƙadangare da tsaka na shiga su kwanta a kan katin su haɗa wuta. Duk da haka ni inbata nake ba mutum shawara, da sharaɗin a haɗa mishi abin kariya, regilatar mai ƙarfin da ya fi na injin, ko aƙalla ƴar na'urar nan da ke yanke wuta in ta wuce ƙa'ida kuma ta jira minti uku kafin ta maido. Minti ukun nan ba wasa bane ko ga wanda ba inbata ba, kwamfireso na son matsin gas ya daidaita kafin ya sake tashi.

Wuta kuma. Kafin ka biya ko dala, je ka duba kwantarka da disjontar, amfiya nawa aka baka. Wutarmu bolt 220 ce, injin 12000 na cin wajen wat 1100 zuwa 1200, amfiya 5 zuwa 6 kenan, na 18000 kuma wajen amfiya 8. Ka haɗa da firigo da dutsen guga da abin dafa ruwan amarya ka gani ko zai ɗauka, in bazai ɗauka ba sai ka je kamfanin wuta NIGELEC ka nemi ƙarin ƙarfi ta hanyar da ta dace, kar ka bari wani yace zai yi maka dabara a kwantar. In kuma kwantar ɗaya kuke rabawa da maƙwabta, to tsaya, kar ka kafa kilim sai an sa maka ƙaramin kwantar naka na ƙidaya, in ba haka ba ranar da faktir ta zo zumunci ya ƙare, kowa zai ce kai ne. Lissafin ba wuya, kilowat 1.2 sau awa 8 ya kama 9.6 a dare, a wata kusan 290, wannan in injin bai huta ba kenan, inbata a ɗakin da aka toshe da kyau zai yi ƙasa da haka sosai. Ka ɗauki tsohuwar faktir ka ga nawa kilowat yake kama maka ka ninka, sai ka san ko aljihu zai iya, don sayen kilim kamar sayen doki ne na gaske, ba kuɗin sayen ba, dawar da zai ci.

Kuma don Allah kar a soka shi a firiz ɗin bango da ke nan tun gina gidan, balle a rallonji. A ja mishi wayarshi daga tablo, ta jan ƙarfe mai kauri 2.5 mm², da disjontar nashi shi kaɗai na amfiya 16 ko 20, da wayar ƙasa. Gidajen haya da yawa an yi musu waya siririya don fitila da fanka kawai, gobarar da ake cewa kilim ne ya jawo yawanci waya ce ta narke a cikin bango.

Gas ɗin da ke ciki shima ka duba. R22 tsohon yayi ne, yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa ana janye irinshi saboda illar da yake wa sararin sama, ƙasashe irin namu zuwa 2030 ake son a gama da shi, to duk injin okaziyo mai R22 da za'a sayar maka da arha ka san gas ɗinshi ƙara wuya zai yi. Sababbi R410A ne ko R32, na biyun ya fi sabunta, yana ɗan kama wuta in ya samu hali don haka ba'a wasa da walda kusa da shi, kuma ba'a gauraya wani da wani. Sannan ka riƙe wannan da kyau, kilim baya shan gas kamar yadda mota ke shan mai, a rufe yake yana zagayawa. Duk wanda ke zuwa maka kowace shekara yace a ƙara gas, to akwai inda yake yoyo, a nemo wurin a gyara, yawanci a bakin mahaɗar tiyo ne da ba'a buɗa bakinta da kyau ba.

Wanda ya kawo ni kan mai haɗawa, shi ne rabin injin. Ka sayi mafi tsada a duniya in aka haɗa shi da ganganci shekara biyu bazai kai ba. Ka tambaye shi ko yana da famfon zuƙe iska, wanda ake jawo iska da damshi daga cikin tiyo kafin a saki gas. In yace ba sai an yi ba, za'a ɗan fesar da gas ya kore iskar, ka sallame shi cikin mutunci. Tiyon ya zama jan ƙarfe na gaske ba alminiyon da aka shafa wa kala ba, kowanne a rufe shi da soson shi daban har ƙarshe, a naɗe da tef don rana na cinye soson. Injin ciki a kafa shi da ma'auni ya ɗan karkata wajen fitar ruwa, kar ya zama saitin kan gado yana hura muku kai tsaye, kar kuma a saman talabijin.

Marka tunda ka tambaya, LG, Samsung, Sharp, Hisense, Midea, Gree, duk ana samu kuma duk suna aiki, Gree da Midea na ƙasar Sin ma suna cikin manyan masu ƙera kilim a duniya har suna yi wa wasu kamfanoni su manna sunansu. Ni abin da nake dubawa shi ne wanda kayan gyaranshi ke garin nan, da ɗan kasuwar da zai baka takardar garanti da hatiminshi, ba wanda gobe zai ce bai sanka ba. Akwai na jabu masu sunan manya, lambar da ke kwali ta dace da ta jikin injin ciki da waje, ka duba da idonka.

Wani zai ce maka ka sayi injin waje ɗaya mai ɗaukar na ciki biyu ko uku. Yana da amfani inda wurin rataya ya yi ƙaranci, amma ranar da ya lalace duk gidan ne ba sanyi, masu gyaranshi kuma ba su da yawa. Ga ɗan haya, kowane ɗaki da nashi ya fi.

In ka kafa, kula da shi ba wuya sai dai mantuwa. Ragar tace ƙura ta injin ciki a cire a wanke da ruwa duk sati biyu, lokacin hunturu da buji in ana kunnawa duk sati, a bari ta bushe a inuwa. Injin waje a wanke bayanshi a watan biyu kafin zafi ya sauka, a sake bayan guguwar farkon damina. Murar da ake ɗora wa kilim sau da yawa ƙurar raga ce da sanyin da ya wuce kima. Kuma sa shi a digiri 16 baya sa ɗaki yayi sanyi da sauri, kawai hana shi hutawa ne, ka sa 25 ko 26 ka kunna fankar sama a hankali ta zagaya da sanyin, har bargo amarya zata nema wajen asuba.

Da nine kai ango, ga yadda zan yi da kuɗina. Siplit guda, 12000, T3, inbata, a ɗakin kwana, da abin kariyar wuta da wayarshi daban. Falo a bar shi da fanka da mai ruwa matsakaici na wannan shekarar, ɗaya ɗakin ba mai kwana ciki tukuna sai Allah ya kawo rabo. In ka ga yadda faktir ta kama wata uku kuma aljihu bai koka ba, sai a yi maganar 18000 na falo, shi kuma a saye shi cikin sanyi, watan sha biyu ko na ɗaya, lokacin ƴan kasuwa basu ɗaga kai ba mu ma masu haɗawa bamu da layi. Ka auno min tsawo da faɗin ɗakin, ka gaya min ina tagar ke kallo, ka ɗauko hoton disjontar da na bangon waje inda kake tunanin za'a rataya, sai in gaya maka ko wurin zai yi kafin ka je wajen Alhaji.